Akalar da ke Cikin Kalma: Tsokaci kan Wasu Sifofin Turanci

Da yawa daga cikin marubutanmu da Turanci suka fara karanta ƙagaggun labarai, wasu kuma fassara suke yi daga wannan harshe zuwa Hausa. Saboda haka ya dace mu riƙa tsayawa muna duba irin kayan da muke ɗaukowa. A wannan fitowa za mu dubi rukuni biyu na sifofin Turanci. Na farko su ne waɗanda ake yi wa mutum mai sauƙin juyawa, irin su *docile* da *tractable* da *pliable*. Na biyu kuwa su ne na wanda ya cancanci hukunci, irin su *culpable* da *punishable*. Mai karatu zai zaci rukunin farko yabo ne, na biyu zargi. To amma idan aka bi salsalarsu, za a tarar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Kalmar *docile* daga Latin ta fito, daga aikatau mai ma'anar koyarwa, tushensu ɗaya da kalmar da muka ara muka ce dakta. Da can tana nufin mai saurin ɗaukar karatu, yau kuwa har tunkiya ana kira da ita. Ita *tractable* asalinta abin da ake iya ja da hannu, *pliable* kuma abin da ake iya tanƙwarawa. Wadda ta fi tona asiri ita ce *amenable*. Da ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, kalmar shari'a ce, tana nufin wanda za a iya gurfanarwa ya amsa tuhuma. Daga baya ta ɗauki ma'anar mai sauƙin kai. Tushenta na can nesa kuwa kalmar Latin ce ta kora dabbobi da tsawa. Ke nan kalma ɗaya ta haɗa mai biyayya da wanda ake tuhuma, domin dukansu a hannun wani suke. Duk waɗannan sifofi daga bakin mai riƙe da akala suke fitowa. Raƙumin ba a tambaye shi ba.

Wanda yake son ganin yadda wannan ke aiki a cikin labari ya nemi littafin Joyce Cary mai suna *Mister Johnson*, wanda ya fito a 1939. Cary ya yi aikin mulki a Borgu, kuma a Arewacin Nijeriya ya gina labarin. Tauraronsa akawu ne mai fara'a, mai ƙaunar Bature har zuci. Muddin yana taimaka wa Rudbeck wajen gina hanya, ko da ta murɗa lissafin baitulmali ne, yaron kirki ne. Ranar da asiri ya tonu shi aka kora. Da ya kashe mai kanti garin sata aka yanke masa hukuncin kisa, shi da kansa ya roƙi maigidan ya harbe shi maimakon rataya. Wato daga rukunin farko ya faɗa na biyu, kuma hannun da ya ja shi shi ya hukunta shi. Chinua Achebe ya sha bayyana cewa takaicin wannan littafi na cikin abin da ya tunzura shi rubuta *Things Fall Apart*, wanda ya fito a 1958.

Kada mu yi saurin yi wa Turanci dariya, domin Hausa ma tana da nata. Kalmar horo tana nufin koyarwa, tana kuma nufin hukunci. Mai ladabi abin yabo ne, amma idan aka ce an ladabtar da yaro kowa ya san bulala ta yi aiki. Ladabin nan kuwa da adabin da muke taƙama da shi, kalmar Larabci guda ce ta haife su.

A nan ne matsalar take ga mai fassara. Idan ya ci karo da *docile* ya rubuta salihi ko mai ladabi, ya wanke kalmar daga rainin da ke cikinta, ya mai da wulaƙanci yabo. Sau da yawa raƙumi da akala ya fi kusa da abin da ake nufi. Haka mai ƙaga labari. Littattafan soyayya da yawa suna buɗewa da yarinya mai ladabi da biyayya, su rufe da masifa a kan wadda ta ce a'a, ba tare da marubucin ya nuna wa ake yi wa biyayyar ba, kuma a kan me. Balaraba Ramat Yakubu ta kauce wa wannan a *Alhaki Kuykuyo Ne* na 1990. Rabi mai haƙuri ce, amma da aka kore ta sai ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta, hukuncin kuma ya faɗa kan mijin da ya zalunce ta.

Shawararmu ga sababbin marubuta ita ce, kafin ka liƙa wa tauraronka irin wannan sifa, ka tambayi kanka wa ke faɗin ta, kuma me zai samu idan mai karatu ya yarda. In bakin wani ne a cikin labarin, bar masa ita, domin halinsa take nunawa. In bakinka ne, ajiye ta ka nuna mana abin da tauraron ya aikata, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Allah ya ƙara mana basira.