Karin Magana Iri Ne, Ba Ado Ba

'Yan makarantar Nasarawan Doya da na ƙasar Maƙarfi, mun lura in za ku ƙaga labari, sai ku ɗauko karin magana ku liƙa a ƙarshe, alhali kuwa labarin bai san da zamansa ba. Wannan kuskure ne.

Ku dubi Jiki Magayi, na John Tafida da Dokta East. Sunan kalma biyu ne kurum na mutanen da, amma daga cikinsu labarin duka ya tsiro: Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu don ƙarfin dukiya, ramuwa ta faɗa kan ɗansa Kyauta, kowa ya ji a jikinsa. Haka Malam Abubakar Imam ya yi cikin Magana Jari Ce a 1937: aku ba shi da kome sai baki, da shi ya tsare ɗan sarki har ya zama waziri.

Ku da kuka tashi cikin gonakin rake kun sani, guntun rake binne shi akan yi, sa'an nan ya tofo. To, ku binne karin maganar cikin labari. In mai karatu ya tono shi da kansa, lalle kun iya.