Sake Lale: Daga Superman Zuwa Sumayyar Labarina

A watan Satumba na 2011 kamfanin DC na Amurka ya dakatar da jerin littattafan zane na sadaukansa, ya fito da sababbi guda 52, kowanne daga lamba ta ɗaya. Ko Action Comics, mujallar da Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, wadda ta riga ta haura fitowa ta 900, ba ta tsira ba. Sunan shirin New 52, dalilinsa kuwa kasuwa: labarin da aka shekara saba'in ana ƙulla shi, sabon mai karatu ba ya sanin ta inda zai kama.

Ciniki ya yi kyau a watannin farko, amma tsofaffin masoya suka tayar da ƙura. An cire wa Superman jan gajeren wandonsa, aka kuma shafe aurensa da Lois Lane wanda aka ɗaura tun 1996. Barbara Gordon, da ke kan keken guragu tun harbin da aka yi mata a labarin 1988, har ta zama abin alfaharin masu karatu naƙasassu, sai ga ta tana tsalle a kan rufin gidaje. Wally West, wanda ya riƙe sunan Flash fiye da shekara ashirin, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Kamfanin Marvel ma ya taɓa ɗanɗana irin wannan. A 2007, a labarin One More Day, Spider-Man ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin Mephisto don ceto ran gwaggonsa May, farashin kuwa aurensa da Mary Jane, wanda ya kai shekara ashirin. Har yau masoya ba su huce ba. Mai lura zai ga cewa sauya tufafi ko ƙarfin jarumi surutu kawai yake jawowa. Abin da ke zama gaba ta shekaru shi ne a raba shi da mutanensa, musamman matarsa. Wanda ya taɓa karanta littafin soyayya na kasuwar Kano ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

A Birnin Kudu da Gwaram na kudancin Jigawa kuwa sadaukan ba ta takarda suka iso ba. Ta waya suka shigo, daga shagon masu caji da tura fina-finai, wani da Turancinsa, wani da fassarar Hausa, kuma ba bisa jeri ba. Saurayin da ya fara ganin Tom Holland a rigar Spider-Man, daga baya ya ci karo da Tobey Maguire na 2002 da Andrew Garfield na 2012, ba shi da tarihin da za a ƙwace masa. Gardamarsa a majalisa ba ta wuce wa ya fi iya faɗa.

Zafin yana wani wuri ne, a shirin Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a Arewa24 a 2020, ana kuma bin sa a YouTube. Nan mutanen kudancin Jigawa, kamar na Kano, suka zuba abin da Ba'amurke ya zuba a Superman: mako bayan mako, da kuɗin data, da musu a kan makomar Sumayya da Mahmud da Presdo da Baba Ɗan Audu. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ɗora Fati Washa a matsayin Sumayya, Facebook ya cika da ce-ce-ku-ce. Ba gwanintar Fati ake tuhuma ba, don tsohuwar hannu ce. Masu kallo fuska ɗaya suka yi wa kuka, kuma ba su yarda a ce musu hawayen na wata ne ba.

Daga baya Saira ya yi irin ta DC gaba ɗaya: suna yana nan, labari sabo, Sadiq Sani Sadiq a gaba a matsayin Mainasara. A ganin mai wannan rubutu wannan ya fi musanya fuska gaskiya, domin bai nemi kowa ya yi kamar bai ga abin da ya gani ba. Tsohon labari ya tsaya da mutanensa, sabo ya nemi nasa masoyan.

DC ta ɗauki shekara biyar kafin ta sassauto. A watan Mayu na 2016 ta fito da Rebirth, ta dawo da Wally West, labarin kansa ma yana cewa an sace wa duniyar sadaukan shekaru goma, wato kamfani na ba da haƙuri ta bakin jarumansa. Superman mai mata da ɗa ya karɓi gurbin na New 52, aka mayar wa Action Comics tsohuwar lambarta, jan wandon ma ya dawo a fitowa ta 1000 a 2018. Marvel dai a babban jerinta ba ta mayar da auren Spider-Man ba, sai a 2024 ta buɗe wani jeri na daban, Ultimate Spider-Man, inda Peter Parker, wato Spider-Man, ke zaune da Mary Jane da 'ya'yansu biyu, kuma ya shiga sahun littattafan da suka fi ciniki a shekarar.