TASWIRAR BELLO A HANNUN BAƘI

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno ta san darajarsa. To amma mu nawa muka san taswirar da ya ba Bature?

A 1824 Clapperton, wanda aka fi sani da Abdullahi, ya gana da Bello a Sakkwato. A 1826 aka buga labarin tafiyar a Landan, da zane-zane, har da taswirar nan. Barth kuma, wato Abdulkarim, ya zauna Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya fitar da nasa juzu'i biyar masu hotunan launi.

Na yaba musu, sun kiyaye mana abin da muka sake. Sai dai idon baƙo iyakarsa zaure. Ya ga fada, ya ga kasuwa, amma cikin gida, inda ake koyar da mata waƙoƙin Nana Asma'u, ya fi ƙarfinsa.

Yau masu tara tsofaffin littattafai a Turai gwanjonsu suke yi, kuma bugun farko mai cikakkiyar taswira suke nema. In an yage hoto ɗaya, daraja ta faɗi. Mu kuwa fa? Takardun ajamin kakanninmu na cikin adaka gara na ci, wasu har ƙosai an naɗe da su. Haba!

Don Allah uwargida, yau ki buɗe adakar nan ki duba. Abin da kika raina, wani ƙetare teku ya yi dominsa.