Rigimar Masoya Star Trek: Inda Suka Yi Gaskiya, Inda Suka So Zuciya

A watan Satumba na 2017 kamfanin CBS na Amurka ya fito da Star Trek: Discovery, bayan shekara 12 ba a ga sabon shirin Star Trek a talabijin ba. Tun kafin a kai ƙarshen kashi na farko tsofaffin masoya suka fara guna-guni. Mutanen Klingon da aka sani da dogon gashi da gemu sun dawo da kai ƙwal, ko silin gashi babu. An ce labarin ya faru shekara goma kafin zamanin Kyaftin Kirk, amma na'urorin kumbon sun fi na Kirk ci gaba nesa ba kusa ba. Ga kuma jarumar shirin, Michael Burnham, wadda aka ce a gidan su Spock, abokin aikin Kirk, ta tashi, alhali Spock ya shafe shekara 50 a idon masu kallo bai taɓa ambaton sunanta ba.

Ƙorafin kamanni ba shi da nauyi. Tun a fim ɗin 1979 aka sauya wa Klingon goshi ba tare da an yi wa kowa bayani ba, har shirin Deep Space Nine ya mayar da abin barkwanci a 1996.

Wanda ya fi cika intanet shi ne zargin cewa an cusa siyasa a shirin: mace baƙar fata a gaba, saƙon daidaito ta ko'ina. Mai wannan zargi ko dai bai kalli shirin asali ba, ko ya kalla yana gyangyaɗi. Lokacin da Gene Roddenberry ya fara Star Trek a tashar NBC a 1966, Amurka tana tsakiyar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, shi kuma ya zaunar da Nichelle Nichols a ɗakin tuƙin kumbo a matsayin Laftanar Uhura. Da ta so barin shirin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Ana tsaka da yaƙin cacar baka aka ƙara wani matashi ɗan Rasha mai suna Chekov. A 1969 kuwa aka yi kashin da mutum biyu suke farautar juna har duniyarsu ta ƙare, don ɗaya baƙi ne a dama fari a hagu, ɗayan kuma akasin haka. Wa'azi bai wuce wannan ba.

Kuma masoyan nan sun saba da kuka. A 1987 sun ce ba za su kalli The Next Generation ba tunda babu Kirk da Spock, sai wani Bature mai sanƙo, Patrick Stewart. A 1993 sun ce Deep Space Nine ya ci amanar Roddenberry saboda tashar sararin samaniyar da ke cikinsa ba ta zuwa ko'ina kuma labarin ya cika duhu. Yau waɗannan biyun su ne ma'aunin da suke auna sababbin da shi.

Sai dai duk wannan bai wanke Discovery ba. Akwai ƙorafin da yake tsaye da ƙafarsa, kuma lissafi ne ya tsayar da shi. The Next Generation ya yi kashi 178 a zango bakwai, galibi 26 a shekara. Discovery ya ƙare a 2024 da kashi 65 a zango biyar. Star Trek: Picard, goma-goma sau uku. Dalilin a fili yake: an ruwaito cewa kowane kashi a zangon farko na Discovery ya ci kusan dala miliyan 8, kuma manhajar da ake biyan kuɗin wata tana son labari ɗaya mai jan rai wanda zai hana mutum janye kuɗinsa. Saboda haka kowane zango sai an ɗora wa duniya baki ɗaya barazanar halaka. Yaƙin Klingon a na farko, kwamfutar da za ta shafe duk mai rai a na biyu, a na uku kuma wata masifa da ta tarwatsa jiragen sararin samaniya, wadda daga ƙarshe aka ce ihun wani yaro ne da ya ga mutuwar mahaifiyarsa ya jawo ta. Masu kallo da yawa sun ji kamar an yi musu wasa da hankali, kuma da wuya a ga laifinsu.

Abin da aka rasa a wannan gudun shi ne mutane. Miles O'Brien ya fara bayyana a kashin farko na 1987 ko suna ba shi da shi. A hankali, kashi bayan kashi, aka san sunansa, aka halarci ɗaurin aurensa, aka ga haihuwar 'yarsa, har ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan Deep Space Nine. A Discovery kuwa akwai Airiam, wadda ta yi zango ɗaya da rabi tana zaune a ɗakin tuƙi ba wanda ya san ko wace ce. A 2019 marubutan suka ba da tarihinta da mijinta da ƙawayenta a kashi ɗaya, suka kashe ta a ƙarshensa, sannan suka buɗe na gaba da jana'iza suna jiran hawayen masu kallo. Ana cewa sai an san mutum ake zuwa masa ta'aziyya da zuciya ɗaya.

Yawan kashi ne kuma yake tilasta wa marubuta yin labari mai arha, kuma a nan ƙwarewarsu ta fi fitowa. "The Measure of a Man" na 1989 kusan dukansa a ɗakin shari'a aka yi shi, ana muhawara ko Data, mutum-mutumin kumbon, dukiyar hukuma ne ko yana da ikon kansa. Babu harbi, babu fashewa, amma har gobe yana cikin waɗanda ake fara lissafawa.

Ba a ce zamanin kashi 26 a shekara duk zinariya ba ne. A cikinsa aka yi "Code of Honor" na 1987, wanda ya kwaikwayi 'yan Afirka ta hanyar da wasu 'yan wasan da kansu suka ce abin kunya ne. A cikinsa shirin Voyager ya mayar da kyaftin ɗinsa wata irin ƙadangaruwa a 1996. Masu kewar da suna tsallake waɗannan idan suna ba da labari.

Strange New Worlds, wanda ya fara a Mayun 2022, ya raba gardamar. Kamfanin Alex Kurtzman da ake zagi saboda Discovery shi ya yi shi. Uhura tana nan, likitan kumbon ma Babs Olusanmokun ne, haifaffen Legas. Siyasa ba ta ragu ba: a 2023 an yi kashi guda cur a kotu kan wariyar da doka ta halatta. Bambancin kawai shi ne kowane mako da labarinsa, kuma ana ba ma'aikatan kumbon fili su yi magana, su yi girki, su yi saɓani. Nan take hayaniyar ta lafa sosai. Da mata da baƙar fata ne suka ɓata Star Trek, da wannan shirin ya sha irin dukan da Discovery ya sha.

Darasin da kamfanin ya fi saurin ɗauka kuwa daban ne. Zangon Picard na uku a 2023 ya tattaro tsofaffin jaruman The Next Generation ya mayar da su cikin tsohon kumbonsu, masoya suka yi ta tafi. Daɗin kallo kam yana da shi, amma tafin na ganin tsofaffin fuskoki ne, kuma fuskokin sun yi tasiri ne saboda kashi 178 da aka yi ana sabawa da su. Sababbin jaruman ba za su samu wannan dama ba: kamfanin Paramount ya riga ya sanar cewa Strange New Worlds zai tsaya a zango na biyar, kuma kashi shida kacal za a ba shi.