Fanshon Mai Laifi: Wa Ake Hukuntawa?

 A Janairun 2013, babu tsohon malamin firamare daga Dogon Daji zuwa Kuchi da bai ji labarin John Yakubu Yusuf ba. Wannan jami'i ya amsa laifinsa a badaƙalar biliyoyin nairori na fanshon 'yan sanda, amma kotu a Abuja ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000. Ya biya, ya kama hanyar gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. A Nuwamban 2021 kuma aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa amanar gyara harkar fansho, ɗaurin shekara takwas. Ba abin mamaki ba ne da jama'a ke kiran a haramta fansho ga duk ma'aikacin da kotu ta kama da babban laifi.

Kiran yana da daɗin ji, amma ya yi wa laifuffuka kuɗin goro, ya kuma manta da inda bulalar take sauka tun da daɗewa. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun riga sun tanadi cewa wanda aka kora ya rasa haƙƙoƙinsa na ritaya. Ke nan akawun ƙaramar hukuma da ya taɓa kuɗin haraji ya jima yana ɗanɗana wannan hukunci, shi da iyalinsa. Manyan ne ba ya kai wa gare su. Joshua Dariye ya ci gaba da riƙe kujerar sanata yana kurkuku bayan ɗaurin da aka yi masa a 2018, sannan a Afrilun 2022 aka yi musu afuwa shi da Jolly Nyame. Wane masinja ne aka taɓa zama Majalisar Ƙasa domin a yafe masa?

Akwai kuma abin da masu kiran ba sa son a ambata. Fansho ba kyauta ba ce, albashi ne da aka jinkirta. Sashe na 173 da na 210 na Tsarin Mulkin 1999 sun hana a riƙe shi sai bisa tanadin doka. A tsarin adashi na dokar 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aiki ya zuba 10. Kashi takwas ɗin nan guminsa ne. Idan tsohon malamin gona ya kashe mutum a rikicin gado, kotu ta hukunta shi iyakar hukunci. Amma me matansa da 'ya'yansa suka yi wa baitulmali da za a toshe musu bakin salati? Laifinsa bai shafi kujerarsa ba.

Wanda ya ci amanar ofis, shi kam lissafinsa dabam ne. Magabata ba su bar mu cikin duhu ba: Sayyidina Umar ya kasance yana ƙididdige dukiyar gwamnoninsa, ya karɓe rabin abin da ya ƙaru ya mayar baitulmali, kuma malaman Daular Usmaniyya sun san wannan hukunci sarai. Bai bar iyalin kowa da yunwa ba, bai kuma bar gwamna da ganima ba. A wannan ma'auni, kason da gwamnati ta zuba wa ɓarawon biro ya kamata ya koma biyan abin da ya ɗiba, da hukuncin alƙali, ba da sa hannun wani babban sakatare ba. Afuwa kuwa ta buɗe ƙofar kurkuku in ta so, amma kada ta buɗe asusun.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun nuna cewa alƙalami yana iya sauri. A Nuwamban 2019, bayan Abdul'aziz Yari ya rubuto yana neman naira miliyan 10 da ake ba shi kowane wata, majalisar jihar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta jira kotu ta kama kowa da laifi ba.