Muna Raɗa Suna, Muna Binnewa, Ba Ma Rubutawa

Watan jiya, muna dawowa daga maƙabarta bayan mun kai wata baiwar Allah da ta rasu wajen haihuwa, sai wani matashi ya ce mini: "Malam, mata nawa ke nan muka binne bana a kan haihuwa?" Na yi shiru. Ni ake kira raɗin suna, ni nake sallatar gawa, amma wallahi ban da amsa.

Gwamnati na da nata laifin. Rabon da a ƙidaya mutanen Najeriya tun watan Maris na 2006. Wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. A tsakani an yi rikicin bayan zaɓen 2011 a Kafanchan da Zonkwa, wasu suka tashi, wasu suka sauko mana nan Gwantu. Amma har yau da wancan tsohon lissafi ake kintata yawan yaran da za a yi wa rigakafi a ƙaramar hukumar Sanga. Ɗinkin rigar yaro ne ake son magidanci ya sa.

To, mu fa? Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Mutum zai sayi rago da goro ranar suna, amma takardar haihuwa sai an nema a makaranta ko za a tafi Hajji, sannan a ruga kotu a yi rantsuwa a kan shekarun da aka kintata. Mutuwa kuwa ko maganarta ba a yi. Iyayenmu mata su ce ba a ƙirga 'ya'ya, baki ake tsoro. Kakanni haraji suka guda, mu me muke gudu?

Kowa ya san da damina ƙananan kaburbura ke yawa, saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Da bazara kuma ƙyanda da sanƙarau. Amma in ka je neman ƙarin ungozoma ko gidan sauro, "mutum nawa?" za a ce maka. "Da yawa" ba amsa ba ce a ofis.

Ƙidaya ba jayayya da ƙaddara ba ce. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane domin haƙƙin kowa ya isa gare shi.

Shawarata: kowane masallacin unguwa ya ajiye littafi guda. Suna, a rubuta rana da sunan iyaye. Jana'iza, a rubuta shekaru da ciwon da aka sani. Ƙarshen wata a kai wa mai rajista, a karɓo takardu. Ni na sayi nawa ranar kasuwa, matar nan ce a layin farko. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari.