Wane Misali Ya Dace da Yaro Mai Koyon Ƙaga Labari?

Al'ada ce a makarantun firamare da yawa, in malami yana so yara su rubuta labarin almara, sai ya karanta musu wani abu daga Magana Jari Ce, sa'an nan ya ce kowa ya ƙago irinsa. Nufin wannan maƙala shi ne a auna wannan hanya, gama a ganinmu ba ta dace da yaro ɗan shekara 7 ko 8 ba.

Ba wanda ke jayayya da gwanintar Alhaji Abubakar Imam. Amma littafin nan, wanda ya fito juzu'i 3 tsakanin 1937 da 1939, an gina shi ne bisa labari cikin labari, watau aku yana ta ba Musa hira don ya hana shi fita. Daɗinsa kuwa yana cikin karin magana da ba'a da sanin halin manya. Yaro yakan ji daɗin sauraro, amma in an ce ya kwaikwaya, iyakarsa ya kwashe kalmomin ado ya jera, labari kuwa babu.

Tatsuniya ita ce misalin da ya fi kusa da shi. A duba tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. 'Yar bora ta bi hanya da ladabi ta sami alheri, 'yar mowa ta bi wannan hanya ɗin da rashin kunya ta gamu da akasi. Ginin a fili yake: buƙata, tafiya, gwaji, maimaici, sakamako. Har wa yau yana nuna cewa abin al'ajabi ma yana da doka. Dabba tana iya magana, amma abin da aka kafa a farko ba a rushe shi a tsakiya. Yaron da ya tashi yana jin labarin Gizo da Ƙoƙi ya riga ya san wannan doka, bai dai san ya sani ba.

Wahalar tana wajen sauko da labari daga baki zuwa takarda, kuma a nan ilmin harshe ke da taimako. Mai tatsuniya yana jan labarinsa da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: "suka tafi", "aka kama shi". Yaro kuwa da ya ɗauki alƙalami sai ya riƙa gauraya shi da "sun tafi", zaren labari ya tsinke. Da yake rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, "ya tafi" na lokutan biyu kamarsu ɗaya a takarda, saboda haka gara malami ya fara nuna bambancin da jam'i. Haka kuma kalmomin amsa-kama, irin su "tsulum" da "wuf", malamai kan soke su wai ba su dace da rubutu ba, alhali su ne ke sa mai karatu ya ga abin da idonsa.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce, yaro ya fara faɗin labarinsa da baki, sa'an nan ya rubuta. Tarin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya isa abin farawa. Magana Jari Ce kuwa a ajiye ta sai aji 5 ko 6, lokacin da yaro ya iya riƙe zare ɗaya har ƙarshe.